Yadda Ake Karanta Fostar Bugun Dutse ta Wasan Kwaikwayo da Rawar Bale

Duk wanda ya zo mini da tsohuwar fostar wasan kwaikwayo ko ta bale (rawar dandamali ta Turawa) a naɗe yana tambayar me hoton yake nufi, abin da nake fara gaya masa shi ne: wannan takardar talla ce. An yi ta ne a liƙa a bango, mai wucewa ya hango ta cikin ƙiftawar ido, sunan gidan wasan ya zauna masa a kai, ya zo ya yanki tikiti. Bayan mako biyu a liƙa wata a kanta. Don haka abin da ke jikinta ba lalle ne shi ya faru a kan dandamali ba, abin da mai gidan wasa yake so jama'a su sa rai da shi ne. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin ido ne da haƙuri.

Kayan aiki

Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Shi ne uban tafiya. Idan babu, kyamarar waya ta wadatar: matsa kusa, ɗauki hoto a wuri mai haske, sannan ka buɗa shi da yatsu.

Ƙaramar tocila, da tef ɗin awo mai santimita.

Fensir da littafin rubutu. Biro kada ya zo kusa da teburin ma.

Tebur mai faɗi da aka shimfiɗa wa farar takarda, da 'yan abubuwa masu nauyi marasa kaifi na danne kusurwoyi.

Hannu wankakke, busasshe. Wasu suna sa safar hannu ta auduga, ni ba na so: tana hana ka jin takardar, kuma zarenta yana kama gefen da ya riga ya tsage ya ƙarasa shi.

Ƙamus ko manhajar fassara, domin yawancin waɗannan fostoci da Faransanci, Jamusanci, Rashanci ko Ingilishi suke. Sai kalandar intanet irin wadda take nuna ranar kowace shekara.

Idan hoton fostar kawai kake da shi a kwamfuta, nemi mafi girmansa. Laburaren ƙasa na Faransa da ɗakin tarihi na Victoria and Albert da ke Landan sun sa dubban irinsu a intanet, ana iya buɗa su sosai. Mataki na biyu ne kawai ba za ka iya yi cikakke ba.

Ɗan abin da za ka sani kafin ka fara

Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano bugun dutse a 1796. Abin dariyar, shi kansa marubucin wasan kwaikwayo ne da ya rasa kuɗin buga rubutunsa, wato dai tun ran gini ran zane, wannan sana'a da gidan wasa tare suka taso. Dabarar ba ta wuce gabar da ke tsakanin mai da ruwa ba. Ana samun dutsen farar ƙasa mai santsi, mafi kyawunsa daga Solnhofen a yankin Bavaria. Mai zane ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo. A shafe dutsen da ruwan ƙaro haɗe da ɗan asid, a jiƙa shi, a mirgina tawada mai mai a kai. Tawadar ta kama inda maiƙo yake, ta guji inda ruwa yake. A ɗora takarda a matse.

Abu uku ne ya shafe ka a nan. Kowane launi da dutsensa, kuma kowane dutse kuɗi ne, saboda haka babu launin da ya shiga fosta da ka. Na biyu, abin da aka zana a dutse yana fitowa a juye, dama ta koma hagu. Na uku, dutsen shafaffe ne, ba ya barin rami ko tudu a takarda.

Mataki na 1: Ja da baya tukuna

Jingina fostar ko ka shimfiɗa ta, ka ja da baya kamar taku biyar ko shida. Kalle ta ka ƙirga ɗaya zuwa uku, sannan ka juya baya ka rubuta abin da ya rage maka a kai. Mace ce cikin fari? Jan suna ne? Wata baƙar inuwa? Abin da ka rubuta shi ne hajar da ake tallatawa.

Wannan kallo sau ɗaya ake yinsa, ba ya maimaituwa. Masu koyo sukan tsallake shi su faɗa kan ƙananan abubuwa da gilashi, daga baya kuma su kasa gane mene ne babba mene ne ƙarami.

Mataki na 2: Tabbatar bugun dutse ne

Yanzu matso da gilashinka, ka ɗora shi inda launi yake da sauƙi, kamar fatar fuska ko inuwar siket. A bugun dutse na gaske za ka ga ƙwayoyi barbaje, manya da ƙanana, babu tsari, kamar yashi ya zube. Wannan kaushin dutsen ne da allin ya bi ta kai. Wani wurin za ka ga feshi, ɗigo-ɗigo kamar yayyafi. Ana yinsa ne da buroshi da aka tsoma a tawada aka karta, kuma Henri de Toulouse-Lautrec ya yi suna da shi.

Idan kuwa ka ga ɗigogi zagayayyu jere reras, shuɗi da ja da rawaya da baƙi suna haɗa 'yan furanni iri ɗaya ko'ina, to kwafin injin zamani ne da aka ɗauko daga hoto. Babu laifi ka ci gaba da nazarin zanen, amma kada ka yanke hukunci kan launi ko takarda, domin ba su ne na asali ba.

Sai ka kwantar da hasken tocila daga gefe, ya bi fuskar takardar. Zai nuna maka layin ninki, faci, da inda aka haɗa takarda biyu. Manyan fostoci ba su shiga dutse ɗaya, gunduwa-gunduwa ake buga su a haɗe. Duba gefuna kuma, wani lokaci akwai 'yan alamun giciye da mai bugu yake daidaita duwatsu da su. Inda ja ya ɗan zarce layin baƙi kaɗan, wannan ba aibi ba ne, shaidar aikin hannu ce.

Auna tsawo da faɗi ka rubuta. Hattara a nan: tsakanin 1895 da 1900 maɗaba'ar Chaix a Paris ta fitar da jerin ƙananan kwafi 256 na shahararrun fostoci mai suna Les Maîtres de l'Affiche. Su ma bugun dutse ne, tsofaffi ne, amma na masu tarawa ne, ba su taɓa ganin bango ba. Girmansu bai fi na babban shafin mujalla da yawa ba, kuma suna da hatimi mai tudu marar tawada a kusurwar ƙasa.

Idan ka juya ka ga yadi a bayanta, kada ka tsorata. Takardar fosta mai araha ce, ba a yi ta don ta daɗe ba, shi ya sa masu adanawa suke manna ta a kan yadi.

Mataki na 3: Karanta rubutun kaf, har wanda ya fi ƙanƙanta

Kwafe kowace kalma a littafinka yadda take, kafin ka fassara. Sannan ka lura da girmansu, domin girman harafi a fosta daraja ce. Wane suna ya fi girma: na gidan wasa, na wasan, ko na 'yar wasa? A fostar wasan kwaikwayon Gismonda da Alphonse Mucha ya yi, wadda ta bayyana a bangayen Paris a farkon Janairun 1895, sunan 'yar wasa Sarah Bernhardt ne ya zagaye kanta kamar rawani na haske. Victorien Sardou ne ya rubuta wasan, amma kowa ya san wa aka zo kallo.

Ƙananan rubutun gefe su ne masu tona asiri. Kalmar "Imp." gajarta ce ta maɗaba'a a Faransanci, sai suna da adireshi su biyo baya. Sa hannun mai zane yawanci a cikin dutsen yake, wato bugawa aka yi tare da hoton. Lautrec kan dunƙule haruffan H da T da L cikin ɗan da'ira. Idan ka ga "tous les soirs", ana nufin kullum da dare, alamar gidan nishaɗi mai wasa a kai a kai. Idan kuwa ranaku ƙididdigaggu ne, to baƙin 'yan wasa ne suka zo na ɗan lokaci.

Akwai kuma fostar da za ka ga an bar fili fari a sama ko ƙasa, ko an buga sunan da wata tawada daban wadda ba ta dace da sauran ba. Irin wannan ta kowa da kowa ce. Maɗaba'u, musamman a Amurka, sukan buga hoton 'yar rawa da yawa su ajiye, duk ƙungiyar da ta zo sai a sa mata sunanta. Kada ka wahalar da kanka neman ko wace ce a hoton. Ba kowa ba ce.

Mataki na 4: Nemo shekarar

Fosta ba ta cika faɗin shekara ba, tunda mai karanta ta a titi ya san shekarar da yake ciki. Amma takan ce, alal misali, Asabar 12 ga Maris. Shiga kalandarka ka nemo shekarun da wannan kwanan wata ya faɗo a wannan rana. Galibi yana dawowa ne bayan shekara 5, 6 ko 11, don haka za ka samu shekaru kaɗan da za ka zaɓa daga ciki. Sai ka tace da sauran shaidu: yaushe aka buɗe gidan wasan, yaushe aka fara wasan. Gidan shaƙatawa na Moulin Rouge da ke Paris a 1889 aka buɗe shi. Babban gidan Opera na Garnier a 1875.

Fostar Rasha tana da nata alamomin. Idan kalmomi suna ƙarewa da harafin ъ barkatai, rubutun kafin gyaran 1918 ne, ko da yake 'yan Rasha da suka yi hijira sun ci gaba da tsohon salon. Sunan birni ma shaida ne: Petersburg ta koma Petrograd a 1914, ta koma Leningrad a 1924. Kuma kafin Fabrairun 1918 kalandar Rasha tana bayan ta Yammacin Turai, da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 daga 1900, to kada dabarar kwanan wata ta ruɗe ka.

A fostocin Faransa wani lokaci za ka ga kan sarki na haraji a manne ko a buge. Yana nuna an shirya ta don liƙawa a waje. Rashinsa ba ya nufin jabu ce, domin a shekarun 1890 mutane sun haukace da tara fostoci, dillalai suna sayar da sababbi kai tsaye daga maɗaba'a.

Kuskuren da aka fi yi: ɗaukar lambar da ke kusa da sa hannun mai zane a matsayin shekarar bugu. Shekarar zane ce. Ana iya sake amfani da hoto ɗaya shekaru bayan haka da sabon rubutu. Zanen da Jean Cocteau ya yi wa 'yan rawar bale Vaslav Nijinsky da Tamara Karsavina a 1911 an sake fito da shi a 1913 don wani gidan wasa daban.

Mataki na 5: Dubi ƙafa, dubi siket

A nan nake daɗewa, domin a nan ake yawan faɗuwa. Ba duk macen da ta ɗaga ƙafa a fosta take rawar bale ba.

Fara da takalmi. Na bale lallausa ne, ba shi da dunduniya, an ɗaure shi da ƙyallaye siraran da suka gitta juna a idon sawu, kuma mai rawar tana tsaye a kan ƙarshen 'yan yatsunta cak. Ƙafafun a juye suke waje tun daga ƙugu, gwiwa tana kallon gefe. Bayan a miƙe, wuya dogo, hannuwa a lanƙwashe a hankali. Idan ta tsaya a ƙafa ɗaya ta miƙe ɗayar sambal ta baya, sunan wannan tsayuwa arabesk, kuma ita masu zane suka fi so.

Yanzu gwada da fostar Moulin Rouge ta Lautrec ta 1891. 'Yar rawa La Goulue tana tsakiya, ƙafa a sama, fararen kamfai da bujen ciki a waje, safa mai duhu, takalmin titi. Wannan rawar kankan ce ta gidan shaƙatawa, 'yan kallo ma a tsaye suke kewaye da ita a fili ɗaya. Ko kuma ta Jules Chéret ta 1893 da ya yi wa Loie Fuller a Folies Bergère: yadi ne yake tashi kamar harshen wuta ya kusa haɗiye matar. Ita da yadin siliki da fitilu masu launi take rawarta, babu ruwanta da tsayuwa kan yatsu.

Siket kuma iri biyu ne. Dogo, fari, mai laushi, wanda ya sauko har sha-raɓa, ya samo asali ne daga Marie Taglioni a wasan La Sylphide na 1832. Yana nufin aljana, fatalwa, abin da ba na duniyar nan ba. Gajere mai tauri wanda ya baje kamar faifai na ƙarshen ƙarni na 19 ne, an yi shi don a ga aikin ƙafa.

Amma kada siket ya sa ka yanke shekara. Fostar da Valentin Serov ya yi wa zuwan ƙungiyar bale ta Sergei Diaghilev gidan Châtelet na Paris a 1909 tana nuna Anna Pavlova cikin dogon siket. Ba tsohuwar fosta ba ce, wasan Les Sylphides ne ya koma wa tsohon salo da gangan. Ka dubi yadda Serov ya yi: shuɗin fili fetal, 'yan layukan baƙi da fari kamar na alli, babu dandamali, babu labule, babu ƙasa ma sosai a ƙarƙashin ƙafarta. Wasan ba shi da labari, rawa ce zalla a kan kiɗan Chopin, fostar ma sai ta ƙi ba da labari. A ganina ba a yi fostar bale da ta fi ta ba.

Mataki na 6: A ina aka zaunar da kai?

Tambayi kanka daga ina kake kallo. Daga kujerun ƙasa kana ɗaga kai? Daga bene kana leƙowa? Daga bayan labule? Idan ka ga kawunan makaɗa ko wuyan babbar goge sun leƙo daga ƙasan hoton, kana layin gaba ne, wurin masu kuɗi, kuma tallar tana ce maka ga inda ya dace da kai.

Dubi haske. Idan haɓa da ƙasan hanci suna da haske, goshi kuma da duhu, fitilun bakin dandamali ne suke haskowa daga ƙasa. Ko ba a zana dandamalin ba, wannan ya isa ya gaya maka mutumin a kan aiki yake.

Wani lokaci 'yan kallo su ne abin sayarwa. A fostar gidan waƙa na Divan Japonais ta Lautrec, wadda ta cika hoton 'yar rawa Jane Avril ce zaune cikin baƙaƙen kaya tana kallo. Mawaƙiyar da ke kan dandamali, Yvette Guilbert, an yanke kanta da gefen takarda. Dogayen baƙaƙen safar hannunta kawai suka isa mutanen Paris su gane ta. Saƙon a fili yake: zo nan, manyan taurari ma nan suke zama.

Mataki na 7: Alamomi

Wannan ba shi da wuya. Fuska biyu, mai dariya da mai kuka, wasan barkwanci da na ban tausayi ne, gadon Girkawan dā. Ƙaramin molon Girka mai kama da ƙaho biyu yana nufin kiɗa da waƙa. Mai riga faci-faci masu launi Harlequin ne, mai farar fuska da burmemiyar farar riga Pierrot, dukansu daga tsohon wasan barkwancin Italiya.

Abin da mutum yake riƙe da shi kuwa yawanci daga cikin labarin yake. Reshen dabino a hannun Gismonda daga jerin gwanon coci ne a ɓangaren ƙarshe na wasan. Kayan furanni a jikin Nijinsky a zanen Cocteau kuwa, ai shi ne ruhin furen da yarinya ta dawo da shi daga biki ta yi barci tana mafarkinsa. Nemi taƙaitaccen labarin wasan ka karanta kafin ka ɗora wa abu ma'anar da ba tasa ba.

Mataki na 8: Ƙirga launuka, amma da taka-tsantsan

Nemi inda kowane launi yake shi kaɗai, ka ƙirga. Chéret, wanda ya buɗe maɗaba'arsa a Paris a 1866, da duwatsu uku ko huɗu yake fitar da abin da za ka rantse launi goma ne, ta hanyar ɗora wani kan wani. Kore sau da yawa shuɗi ne a kan rawaya. Sai ka tambaya: launi mafi ƙarfi wa aka ba? Ina aka bar takarda tsirara? Sau da yawa farin siket ɗin ba tawada ba ce, takardar ce kawai.

Ga inda na taɓa shan kunya. An kawo mini wata fosta cikin firem, 'yar rawa a fili mai launin toka-toka, fuskarta fayau. Na zauna na cika shafi biyu ina bayanin yadda mai zanen ya zaɓi launuka masu sanyi don nuna kaɗaici. Da muka cire firem ɗin don aunawa, sai ga siririn layi a gefe, faɗinsa bai kai farce ba, inda katako ya rufe shekara da shekaru: ja ne jawur, da rawaya mai ƙyalli. Rana ce ta cinye sauran. Kaɗaicin nawa ne, ba na mai zane ba. Tun daga ranar, gefen da aka rufe nake fara dubawa. Ja da rawaya su suka fi saurin gudu, takarda kuma tana komawa ruwan ƙasa, sai shuɗi ya riƙa kama da kore. Idan ba ka da ikon buɗe firem, nemi hoton wani kwafin a intanet ka gwada.

Mataki na 9: Rubuta abin da ka gano

Raba shafinka gida uku. Na farko, abin da ido ya gani: girma, rubutu, adadin launi, lafiyar takarda. Na biyu, abin da ka tabbatar daga waje: gidan wasa, shekara, labarin wasan. Na uku, fassararka. Kada na uku ya kutsa cikin na farko. "Tana tsaye a ƙafar hagu" gani ne, kuma ko shi ka tuna dutse yana juya hoto. "Tana baƙin ciki" ra'ayi ne, sai ka kawo abin da ya sa ka ce haka.

Sannan ka koma kan 'yan kalmomin da ka rubuta a mataki na farko, ka gwada su da labarin wasan. Wane wuri aka zaɓa daga cikin wasan awa biyu ko uku? Me aka bari? Idan mutum arba'in ne suke rawa amma mace ɗaya aka zana, ka san a kan wa kuɗin gidan ya rataya. Idan wasan da mutuwa yake ƙarewa amma fostar dariya take, to mai gidan yana tsoron kada ya kori masu sayen tikiti. Wannan tazarar ita za ka fi ba wa wuri a rubutunka.

In ka gama, mayar da fostar a kwance tsakanin fararen takardu biyu marasa asid, nesa da taga da danshi. Idan dole sai an naɗe, a naɗe ta sako-sako a kan bututu mai kauri, kada a ninke. Inda ta tsage kuma ka bar shi haka har mai gyaran takarda ya gani. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita.